Feɗe Manhaja a Ma'aunin Dokar Haƙƙin Mallaka: Daga Shari'ar Sega zuwa Jiragen Ƙasan Poland

Tsakure

Wannan takarda ta duba hukuncin feɗe manhajar kwamfuta, wato buɗe cikinta don gano yadda take aiki ba tare da izinin mai ita ba, a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka da ta Tarayyar Turai. Ta bi shari'o'in da suka aza harsashi tun daga 1992, ta nuna cewa kotuna sun halasta aikin bisa hujja mai ƙarfi, sannan ta nuna yadda sharuɗɗan lasisi da makullan lantarki suke raba mutane da wannan halasci a Amurka. Matsayar takardar ita ce, ƙaramin 'yancin da Turai ta bayar, wanda yarjejeniya ba ta iya sokewa, ya fi faffaɗan 'yancin Amurka amfani, amma shi ma ya yi kaɗan yanzu da manhaja ta shiga cikin tarakta da jirgin ƙasa.

1.0 Gabatarwa



Idan aka kawo wa tela riga mai yankan da bai saba gani ba, kowa ya san abin da zai yi. Zai juya ta, ya bi layin ɗinkin da ido, in bai gamsu ba ya ɗauko reza ya farke hannu ɗaya, ya shimfiɗa a kan tebur ya ɗora awo. Haka bakanike yake kwance injin da bai taɓa shiga ba, yana jera notuna a kan buhu bisa yadda ya fitar da su don kada mayarwa ta gagare shi. Ba a kiran wannan sata. Ta haka sana'a take yaɗuwa, kuma dokokin zamani ba su musa ba: a 1974, cikin shari'ar Kewanee Oil da Bicron, Kotun Ƙolin Amurka ta lissafa kwance abin da mutum ya mallaka don gano yadda aka haɗa shi a cikin halastattun hanyoyin sanin sirrin sana'ar wani.

Wannan aikin ne, idan aka yi shi a kan manhajar kwamfuta, zan riƙa kira feɗe manhaja. Na zaɓi kalmar ne saboda mai fiɗa daga fata yake farawa ya gangara ciki, kuma ba ya ƙara komai a kan abin da ya tarar. To me ya sa abin da ya halasta ga tela da bakanike ya zama abin zuwa kotu ga mai rubuta manhaja? Zan nemi amsar a Amurka, inda aka fi gwabza shari'o'in, da kuma Tarayyar Turai, inda aka rubuta ta a doka tun 1991. Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ina ganin feɗe manhaja halas ne bisa tushen dokar haƙƙin mallaka kanta. Abin da ya rage na jayayya shi ne ko kamfani yana iya ƙwace wannan halasci da 'yan layukan da yake sa mai saye ya amince da su kafin manhaja ta buɗe.

2.0 Inda Gizo Yake Saƙa

Manhaja fuska biyu gare ta. Akwai rubutun tushe, wanda mutum yake rubutawa da harsuna irin su C ko Java, da sunaye masu ma'ana da bayanan gefe da yake bar wa abokan aikinsa. Daga nan sai a miƙa shi ga wata manhaja ta juya shi zuwa harshen na'ura, wato jerin lambobin da kwamfuta take bi. Wannan na biyun ne ake sayar mana. Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan fayil ya san abin da nake nufi: allo cike da lambobi da haruffa bibbiyu, layi bayan layi, babu sunan komai, sai can jefi-jefi ido ya ci karo da kalmar da ya gane, kamar saƙon kuskure ko sunan wani fayil. Daga irin waɗannan kalmomi mai feɗewa yake kama bakin zaren. Yakan sa wata manhaja ta mayar masa da lambobin zuwa umarnin da mutum zai iya karantawa, sannan ya zauna makonni ko watanni yana raɗa wa kowane yanki suna bisa aikin da ya ga yana yi. Rubutun tushen kuwa ba ya dawowa, domin sunayen da bayanan gefen sun tafi tun ranar juyi.

Ba kowace feɗewa ce take kaiwa can ba. Andrew Tridgell, a Ostareliya, ya soma abin da ya zama Samba a farkon shekarun 1990 ta hanyar lura da saƙonnin da kwamfutoci suke aika wa juna, har ya gane yaren da suke yi. Irin wannan kallo daga waje jayayya a kansa kaɗan ce. Rigimar tana kan shiga ciki.

Doka ta ɗauki manhaja a matsayin rubutun adabi. Majalisar dokokin Amurka ta fayyace haka a gyaran 1980, shari'ar Apple da Franklin ta 1983 ta tabbatar cewa har harshen na'ura ya shiga, sannan sashe na 10 na yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ya ɗora wa duk ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya wannan matsayi. Amma kariyar tana da iyaka tun asali: tana kan yadda aka furta abu ne kawai. Tunani, da tsari, da hanyar aiki ba su shiga ba. Haka sashe na 102(b) na dokar Amurka ta 1976 ya ce, haka ma sashe na 9 na TRIPS. Tushen ya koma tsohuwar shari'ar Baker da Selden ta ƙarni na 19, inda Kotun Ƙoli ta ce wanda ya rubuta littafi a kan wata hanyar ajiye lissafin kasuwanci ya mallaki kalmominsa, amma kowa yana iya amfani da hanyar.

A littafi wannan rabo ba ya ba da wahala. Mai karatu zai buɗe, ya ɗauki tunanin, ya rufe, bai kwafi komai ba. A manhaja kuwa ba a iya karantawa sai an kwafa. Ɗora ta a ƙwaƙwalwar kwamfuta kwafi ne. Mayar da lambobin zuwa umarnin da ake karantawa wani kwafin ne, wasu ma su ce fassara ce, kuma kwafi da fassara duka haƙƙin mai abu ne shi kaɗai. Ke nan doka ta ce tunanin da ke cikin manhaja na kowa ne, amma ƙofar da za a bi a kai gare shi tana hannun mai manhajar.

Idan aka bar abin a haka, mai manhaja ya sami abin da ko mai takardar ƙirƙira bai samu ba. Wanda yake son mallakar wata hanyar aiki dole ne ya je ofishin rajistar ƙirƙira, a bincika ko sabuwa ce, ya bayyana ta dalla-dalla ga jama'a, sannan a ba shi shekara 20. Haƙƙin mallakar rubutu kuwa ba a bincikensa, da kansa yake faɗowa, kuma aikin kamfani a Amurka yakan ci shekara 95 daga ranar wallafa. Ko a wurin rajista, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka yana karɓar shafi 25 na farko da 25 na ƙarshe na rubutun tushe, har da damar rufe wuraren da kamfani ya ce sirri ne. Wannan rashin daidaito shi ne abin da alƙalai suka gani a 1992.

3.0 Shekarar 1992 da Abin da Ya Biyo Baya

Sega, kamfanin Japan, yana da na'urar wasan bidiyo mai suna Genesis. Duk wanda yake son yi mata wasa sai ya karɓi lasisi, kuma cikin sharuɗɗan har da cewa Sega ne kaɗai zai buga masa kaset ɗin. Accolade, wani kamfani a Kalifoniya, ya duba sharuɗɗan ya ƙi. Sai ya sayi na'urar da kaset uku na Sega, injiniyoyinsa suka feɗe su, suka gano ƙa'idojin da kaset yake bi kafin na'ura ta karɓe shi. Suka rubuta ɗan littafin jagora mai bayanin aiki zalla, babu layin Sega ko ɗaya a ciki, kuma da shi ne masu rubuta wasanninsu suka yi aiki. A 1990 suka fitar da wasan Ishido.

Daga baya Sega ya fitar da sabon samfurin na'urar. Da zarar an sa kaset, sai ta nemi haruffa huɗu, S, E, G, A, a wani keɓaɓɓen wuri cikin kaset ɗin. In ta same su wasa ya tashi, allo ya nuna na 'yan daƙiƙu cewa Sega ne ya yi wasan ko ya ba da lasisinsa. In ba ta same su ba, shiru. A lura da dabarar: an mayar da tambarin kasuwanci ya zama mabuɗi, ta yadda duk wanda ya buɗe ƙofar tilas ya sa allo ya faɗi abin da ba gaskiya ba, a kama shi da laifi biyu. Accolade ya sake komawa kan feɗewa, ya gano ɗan guntun umarnin, wanda bai wuce bayit 20 zuwa 25 ba, ya sa shi a wasanninsa masu girman bayit 500,000 zuwa 1,500,000. Sega ya kai ƙara a 1991, ƙaramar kotu ta dakatar da Accolade daga sayarwa.

Kotun ɗaukaka ƙara ta tara, ta bakin Mai Shari'a Stephen Reinhardt, ta rushe dakatarwar. Abin da ya burge ni a hukuncin shi ne bai yi kwana-kwana ba. Ya amince cewa kwafin da Accolade ya yi a tsakiyar aiki kwafi ne na gaske, kuma yana iya zama laifi ko da kayan da aka fitar a ƙarshe tsarkakakke ne. Sannan ya ɗora shi a kan ma'aunai huɗu na sashe na 107 na dokar Amurka, wanda ya yafe amfani bisa adalci: manufar amfanin, da irin aikin da aka kwafa, da yawan abin da aka ɗiba, da illar da za a yi wa kasuwar mai haƙƙi. A kan yawa Accolade ya faɗi, don gaba ɗaya ya kwafa, amma kotu ta ce nauyin wannan kaɗan ne tunda kwafin bai bar ɗakin aiki ba. A kan manufa, ta ce neman kuɗi na nan, sai dai abin da aka nema kai-tsaye shi ne ilimin da doka ba ta kare ba, kuma sakamakon shi ne ƙarin wasanni ga jama'a. A kan kasuwa, ta ce asarar da gasa ta halas take jawowa ba ita ce dokar ta zo hanawa ba. Ƙa'idar da ta fito ita ce: idan feɗewa ce kaɗai hanyar kaiwa ga tunani da hanyoyin aiki da ke cikin manhaja, kuma akwai halastaccen dalilin nemansu, to feɗewar amfani ce bisa adalci. Batun tambarin ma Sega kotu ta ɗora wa alhaki, tunda shi ya ƙulla abin da hannunsa.

A wannan shekarar dai wata kotun ɗaukaka ƙarar ta yanke hukunci tsakanin Atari Games da Nintendo, ta faɗi ƙa'ida iri ɗaya, amma Atari ya sha kaye. Injiniyoyinsa sun yi ta ɓare ɗan guntun makullin Nintendo da sinadari suna leƙa shi da madubin ƙara girma, abin ya ci tura. Sai a 1988 lauyansu ya je ofishin haƙƙin mallaka ya ce suna cikin shari'a da Nintendo, alhali ba haka ba ne, aka ba shi kwafin rubutun tushen da aka ajiye. Manhajar da suka fitar daga baya an tarar tana ɗauke da umarnin Nintendo waɗanda ba a buƙata don buɗe makullin. Iyakoki biyu ke nan da ban ga mai jayayya da su ba: a sami kwafin ta hanyar halas, kuma kada a kwashi furucin mai abu a zuba a kayan sayarwa. Masana'antar ta riga ta san yadda ake kiyaye ta biyun. Kamfanin Phoenix, da zai yi kwatankwacin manhajar BIOS ta kwamfutar IBM a 1984, raba ma'aikata ya yi gida biyu: waɗanda suka ga na IBM su rubuta bayanin aiki kawai, wanda zai rubuta sabuwar kuma ya zama bai taɓa ganin tsohuwar ba.

Shari'ar Sony da Connectix ta 2000 ta ƙara matsawa gaba. Connectix bai yi wasa don na'urar PlayStation ta Sony ba, manhaja ya yi wadda take mayar da kwamfutar Macintosh tamkar PlayStation, wato kishiya ga na'urar kanta. Injiniyoyinsa sun zaro BIOS daga na'urar da suka saya, suka yi ta kwafarsa sau ba adadi yayin gwaji. Sony ya ce yawan kwafin ya wuce larura. Kotu ta ƙi, ta ce tilasta wa injiniya bin doguwar hanya don kawai ya rage adadin kwafi ɓata aiki ne da dokar ba ta nema ba. Connectix ya yi nasara a kotu, amma a 2001 Sony ya sayi manhajar ya janye ta daga kasuwa. Na kawo wannan ne don a tuna cewa amfani bisa adalci kariya ce da ake kafawa bayan an riga an maka mutum a kotu, kuma kuɗin lauya kaɗai ya isa ya durƙusar da ƙaramin kamfani. A 2021 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 2, ta wanke Google a kan layuka kusan 11,500 na Java da ya ɗauka, ta kuma ambaci hukuncin Sega da na Connectix cikin dalilanta.

4.0 Ana Tufka Ana Warwara

Da labarin ya tsaya a nan, da sai in ce Amurka ta warware matsalar. Sai dai kamfanoni ba su zauna ba. Tunda doka ta bar ƙofa, sai suka rufe ta da yarjejeniya. Kusan duk manhajar da ake sayarwa tana zuwa da lasisi mai sharaɗin cewa mai amfani ba zai feɗe ta ba, kuma yage ledar kwali ko danna “na amince” shi ne sa hannu.

Da farko kotu ba ta yarda ba. A 1988, cikin shari'ar Vault da Quaid, an ce dokar jihar Louisiana da ta ba irin wannan sharaɗi ƙarfi ta ci karo da dokar tarayya. Amma a 2003, cikin shari'ar Bowers da Baystate, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sharaɗin, bisa hujjar cewa mutum yana da ikon sarayar da haƙƙinsa ta yarjejeniya. Mai Shari'a Dyk ya saɓa wa abokan zamansa a kan wannan gaɓa, kuma ina tare da shi. Hujjarsa ita ce, akwai bambanci tsakanin yarjejeniyar da mutum biyu suka zauna suka yi ciniki a kanta da takardar da aka liƙa wa kowane kwafi a duniya. Idan babu wanda zai iya mallakar kwafi sai ya amince, to sharaɗin ya hau kan kowa kamar yadda doka take hawa, alhali kamfani ne ya rubuta shi. Kuma hukuncin Atari ya ce sai an sami kwafi ta hanyar halas, hanyar halas ɗin kuwa ita ce ta danna “na amince”. An gudu ba a tsira ba.

Hanya ta biyu ita ce makullin lantarki. Dokar DMCA ta 1998, a sashe na 1201, ta mayar da karya makullin da ke tsare aiki laifi mai zaman kansa, ko da abin da za a yi bayan an shiga halas ne. An bar ƙaramar taga a 1201(f) don neman jituwa tsakanin manhajoji. Shari'ar da kamfanin Blizzard ya yi da masu sa kai na bnetd ta nuna ƙanƙantar tagar. Mutanen nan masu son wasannin kamfanin ne, suka rubuta manhajar da za ta ba su damar yin wasa da juna ba ta Battle.net, dandalin kamfanin, ba, suka raba ta kyauta. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta takwas ta ce sun sarayar da amfani bisa adalci ranar da suka amince da lasisi, kuma tagar 1201(f) ba ta fitar da su ba tunda manhajarsu ba ta tantance lambar sayen wasa. Gaskiya ne a 2004 kotuna sun taka wa Lexmark burki a kan robar tawadar firinta, haka ma Chamberlain a kan rimot ɗin ƙofar gareji. Gaskiya ne kuma duk shekara uku Shugaban Ɗakin Karatu na Majalisa yakan fitar da rangwame, kamar wanda ya ba masu motoci da taraktoci damar shiga manhajarsu don gyara a 2015. Amma rangwamen na wa'adi ne, kuma bai halasta rarraba kayan aikin da ake buɗe makullin da su ba. Manomin da aka ce ya halasta ya buɗe manhajar taraktarsa, amma ba wanda zai sayar masa da mabuɗi, sai dai ya koyi ƙira, me aka ba shi?

5.0 Hanyar Turai

Turai ba ta jira kotu ba. Bayan doguwar ja-in-ja, inda IBM da Microsoft suke neman a haramta, Bull da Olivetti da Fujitsu kuma suna neman a halasta, an fitar da Umarnin Kare Manhaja a watan Mayu na 1991, aka sabunta lambarsa a 2009. Sashe na 5(3) ya ba duk mai halastaccen kwafi damar lura da manhaja da gwada ta yayin da take aiki don gano tunanin da ke ƙarƙashinta. A kansa ne Kotun Turai ta tsaya a 2012 cikin shari'ar SAS Institute da World Programming, inda ta kuma ce aikin da manhaja take yi da harshen da ake ba ta umarni da shi ba su shiga kariya ba. Sashe na 6 kuma ya halasta shiga ciki, amma da takunkumi: dole manufar ta zama jituwa da wata manhajar da aka rubuta daban, bayanin ya zama ba a same shi a sauƙaƙe ba, a taƙaita ga ɓangaren da ake buƙata, kuma kada a miƙa abin da aka gano ga wani sai da larurar jituwar.

Idan aka ɗora wannan kusa da hukuncin Sega, na Turai ya fi ƙunci nesa ba kusa ba. Hukuncin Sega ya ce kowane halastaccen dalili, Turai ta ce dalili ɗaya. Amma Umarnin ya ƙara jimla ɗaya da ta sauya lissafin: duk sharaɗin yarjejeniya da ya saɓa wa sashe na 6 ko na 5(3) ɓatacce ne. Injiniya a Faransa ko Jamus ya san iyakar gonarsa tun kafin ya fara, kuma lasisi ba zai tashe shi ba. Takwaransa na Amurka gonarsa ta fi faɗi a takarda, sai dai yawanci ya riga ya sayar da ita kafin ya kunna manhajar. Ni dai na Turai zan zaɓa.

A nan ne batun ya taɓo mu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ɗibo daga ɓangarorin biyu. Ta shigo da ma'aunan nan huɗu, ta haramta karya makullan lantarki, ta kuma ce sharaɗin yarjejeniyar da ya hana abin da dokar ta halasta ba shi da tasiri. Wannan haɗi ne mai kyau, kuma ya kamata lauyoyinmu su san darajarsa. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, da yake jona waya da kwamfuta ya yi mata filashin, da yawa daga kayan aikinsa wasu ne suka feɗe manhajar kamfanoni kafin su samu, ko da shi bai taɓa jin sunan Accolade ba.

6.0 Jiragen da Suka Ƙi Tashi

Duk dokokin nan an rubuta su ne da kwamfuta da kaset ɗin wasa a zuciya, shi ya sa kalmar jituwa ta mamaye su. Abin da ya faru a Poland ya nuna giɓin.

A 2022 wani kamfanin gyara mai zaman kansa, SPS, yana aikin kwangilar yi wa jiragen ƙasa samfurin Impuls garambawul, jiragen da kamfanin Newag ya ƙera wa hukumar jiragen yankin Lower Silesia. Aka kwance, aka gyara bisa littafin jagora, aka mayar, jirgi ya ƙi motsi. Na biyu ma haka. Babu abin da ya lalace a ido, ga tarar jinkiri tana hauhawa. Da dabara ta ƙare musu sai suka ɗauko masana tsaron kwamfuta na ƙungiyar Dragon Sector, waɗanda suka zaro manhajar daga kwamfutocin jiragen suka shafe watanni suna feɗe ta. Bisa ga abin da suka bayyana a watan Disamba na 2023, har da taron Chaos Communication Congress na Hamburg, sun tarar da umarnin da ke kulle jirgi idan ya yi kwanaki a tsaye, a wasu jiragen kuma har da lambobin taswira da suka dace da harabar kamfanonin gyara masu gasa da Newag. Suka buɗe kullen, jiragen suka koma ɗaukar fasinja. Newag ya musanta cewa shi ya sa waɗannan umarni, ya kuma maka masanan da SPS a kotu, cikin zarge-zargen har da keta haƙƙin mallaka.

Ba hurumina ba ne in yanke wane ne mai gaskiya a kan wanda ya rubuta umarnin. Abin da ya shafi wannan takarda shi ne gurbin da aikin masanan ya faɗa a doka. Sashe na 6 na Umarnin Turai bai dace da shi sosai ba, don ba wata sabuwar manhaja suke son haɗawa da ta jirgin ba. Mafi kusa shi ne sashe na 5(1), wanda ya ba mai halastaccen kwafi damar gyara kuskure. A watan Oktoba na 2021, cikin shari'ar Top System da gwamnatin Beljiyam, Kotun Turai ta ce wannan dama ta haɗa da feɗewa, har da kashe wani ɓangaren da ke hana manhaja aiki daidai. Wannan ya rufe batun tayar da jiragen zuwa wani mataki. Bai faɗi komai ba a kan fitowa a gaya wa jama'a abin da aka gani, alhali jiragen da kuɗin jama'a aka saye su, jama'a ne kuma suka tsaya a tasha suna jira.

Don haka nake ganin ya kamata dalilan da doka ta ambata da suna su zama uku: jituwa, da gyara, da binciken lafiya da amincin na'ura, kowanne a tsare shi daga sharaɗin lasisi da kuma dokar makulli, a kuma halasta bayyana sakamakon bincike ga hukuma da jama'a matuƙar ba rubutun mai abu ake rabawa ba. Za a ce wannan zai buɗe wa ɓarayin manhaja hanya. Ban ga haka ba. Mai buga kwafin jabu ba ya buƙatar fahimtar layi ɗaya na abin da yake bugawa, kuma dokar da ke kama shi tana nan yadda take. Iyakokin shari'ar Atari ma suna nan: da masanan Poland satar manhajar suka yi, ko suka kwashe ta suka sayar wa wani maƙerin jirgi, da Newag yana da ƙara mai ƙarfi a kowace kotu. Su kuwa mai kwangilar gyara ne ya kira su, a kan jiragen da mai su ya kawo da kansa, suka karanta abin da ke ciki suka faɗi abin da suka gani.